Attaruhu a ƙasar ƙanƙara: amsa ga ƙanwata a Jos

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin samu gurbin karatu a Jami'ar Manitoba, kina tambaya ko attaruhu na yi a nan Winnipeg ta ƙasar Kanada, tunda kin tashi kina taya Baba aikin lambu. Yana yi, ni ma ina shukawa a tukwane. Amma kada ki auna da sanyin Jos. A nan cikin Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, damar shuka a waje kuwa daga ƙarshen Mayu ne zuwa Satumba. Shi ya sa nake zuba iri a ɗaki tun Fabrairu, kusa da hita, domin attaruhu na son wata uku zuwa huɗu bayan dashe kafin ya nuna.

Inda ake kuka shi ne wajen tsinka. A gida sai ki bar shi a jikin uwarsa har ya yi ja, ki tsinka a hankali. Nan dare ɗaya raɓa za ta daskare, da safe ki tarar ganyen ya yi baƙi, 'ya'yan sun yi laushi kamar an dafa. Haka ta faru da ni shekarar farko, wallahi har hawaye na yi. Yanzu da Satumba ta kama, kullum sai na duba hasashen yanayi. Da na ga dare zai kusanci sifili, sai in shigo da tukwanen ciki, ko in tsinke komai da almakashi, in bar ɗan kara a jikin kowanne don kada ya yi saurin ruɓewa. Wanda ya soma juya launi zai ƙarasa nuna a bakin taga. Wanda yake kore shar ba ya ja, da shi nake fara miya.

Batun ajiya, ki manta da shanya a tabarma irin ta gida, ranar kaka a nan ba ta da ƙarfi. Barkono mai siririyar fata ina soke shi a zare in rataye a ɗaki, ya bushe in daka yaji. Attaruhu da tattasai masu nama ne, fumfuna ke cin su kafin su bushe. Su ina wankewa, in tsane su sosai, in zuba a leda in sa a firiza, suna kai ni har wata shukar. Wani kuma in markaɗa da albasa in daskarar ƙanana-ƙanana, daidai tukunya ɗaya. Ki sa safar hannu in kina yanka da yawa.

In za ki taho da iri ko busasshen barkono daga kasuwar Farin Gada, ki bayyana shi ga jami'an filin jirgi, doka ce a Kanada. Tunda a Satumba za ku fara karatu, daidai lokacin tsinka za ki iso, sai ki zo mu yi tare. Ki gaishe min da su Mama.