Baƙin da suka tsaya wa Koriya lokacin mulkin Japan

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai 'yan wata ƙasa da suka taimaki mutanen Koriya a gwagwarmayar neman 'yanci daga Japan. Akwai sosai.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Frank Schofield, likitan dabbobi daga Kanada. Da jama'a suka fito zanga-zangar 1 ga Maris 1919 shi ya riƙa ɗaukar hotuna, sannan a watan Afrilu da sojojin Japan suka kulle mutanen ƙauyen Jeam-ri cikin coci suka banka wuta, ya je da kansa ya gani ya rubuta rahoto duniya ta sani, alhali mutumin nan shan inna ya taɓa masa ƙafa da hannu fa. Ya rasu 1970, an binne shi a makabartar ƙasa da ke Seoul.

Akwai kuma Fuse Tatsuji, lauya ne ɗan Japan ɗin kanta, ya riƙa kare 'yan gwagwarmayar Koriya a kotu, daga baya kuma aka ƙwace masa lasisi aka ɗaure shi. Wallahi wannan ba ƙaramar jarumta ba ce, fuskantar gwamnatin ƙasarka saboda wasu. Koriya ta Kudu ta karrama shi a 2004.