Wane dutsen wasa wuƙa zan saya?

Tambaya: Ina sana'ar tsire a Obalende, Legas. Masu injin wasa wuƙa da ke yawo sun cinye min wuƙaƙe biyu, bakinsu ya sirance, kaifin kuma ba ya kwana. An ce min akwai dutsen da ake jiƙawa da ruwa, amma na ga lambobi a jikinsa, 400, 1000, 6000, na rasa na ɗauka.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abin da injin ke yi maka shi ne yana cin ƙarfe da yawa, kuma zafin gogar yana sassauta bakin wuƙar, shi ya sa take saurin dakushewa.

Lambobin nan laushin dutse suke nunawa. Ƙaramar lamba kamar 400 dutse ne mai kaushi, na wuƙar da bakinta ya ɓantare. Ita 6000 sheƙi take sawa, kuma mai yanka nama daga yamma har tsakar dare ba sheƙi yake nema ba. Ka sayi mai lamba 1000 guda ɗaya, ya ishe ka. Mai tambarin King na Japan ya yi suna wajen masu koyo. Masu araha na kasuwa kuwa sau da yawa lambar da ke kwalinsu ba ta dace da laushinsu ba, don haka ka shafa da yatsa kafin ka biya.

Ka tsoma shi a ruwa kamar minti 10, har kumfa ta daina tasowa, ka ɗora a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Kada mai ya taɓa shi, toshe shi zai yi. Kwantar da wuƙar, ka ɗan ɗaga bayanta kamar digiri 15 zuwa 20, ka riƙe ta a haka kana turawa kana jawowa. Wahalar duk tana nan, don hannu kan so ya yi rawa. Ga dabara: shafa baƙar tawadar alƙalamin maka (marker) a bakin wuƙar, ka goga sau kaɗan, ka duba. Inda baƙin ya goge, nan dutsen ke ci. In ya rage a can ƙarshen bakin, ƙara ɗagawa kaɗan.

Kada ka juya gefe sai ka ji wani ɗan kaushi ya lanƙwaso ta ɗaya ɓangaren, tun daga gindin wuƙar har tsininta. Da babban yatsa za ka ji shi, kana shafowa daga baya zuwa baki, ba tsaye a kan kaifin ba. Yawancin masu cewa dutse bai yi musu ba, ba su kai nan ba suka juya. In ka yi ɗaya gefen, sai ka rage ƙarfin hannu har kaushin ya fita. Baƙin taɓon da ke taruwa a kan dutsen ka bar shi, yana taya wasawa. Fara da tsohuwar wuƙa, ba wadda kake cin abinci da ita ba.

Tambaya: Maigidana yana fawa a mayankar Oko-Oba ta Agege. Dutsensa ya yi rami a tsakiya. Sabo za mu saya?

Amsa: A'a Hajiya, ku riƙe kuɗinku. Ya zana layuka da fensir a fuskar dutsen, ya shimfiɗa sanfefa mai jure ruwa a kan gilashi, ya goga har layukan su ɓace duka. Ya shanya shi a inuwa, rana na iya tsaga shi. Wuƙar kuma a goge ta tas bayan wasawa, don danshin Legas ba ya ɓata lokaci wajen sa mata tsatsa.