Me ya sa ake fara yi wa masu juna biyu rigakafi idan annoba ta ɓarke?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Cikina wata biyar. Kullum ana ja mana kunne kada mu sha magani barkatai, amma idan annoba ta zo sai a ce mu ne a sahun gaba wajen allura. Ba ganganci ba ne?

Amsa: Malama, tambayarki tana kan hanya. Dalilin shi ne cutar numfashi ta fi yi wa mai ciki illa fiye da sa'arta da ba ta da ciki. Yayin da mahaifa ke girma tana tura huhu sama, wurin numfashi ya ragu, ga jiki na neman iska fiye da da. Zuciya kuma na harba jinin da ya ƙaru da kusan rabi, garkuwar jiki ta ɗan sassauta don kada ta yaƙi ɗan tayi. Murar da wata za ta yi kwana uku ta miƙe, ita kan iya gangara mata huhu, har ta jawo haihuwar bakwaini.

An ga haka a annobar murar aladu ta 2009. A Amurka masu ciki ba su wuce kashi 1 cikin 100 na jama'a ba, amma kusan kashi 5 na mamatan su ne. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a kan gaba wajen rigakafin mura. Da korona ta zo, ba a sa masu ciki a gwajin farko na rigakafinta ba, wannan ya haifar da ɗari-ɗari, kuma a ganina jinkirin ya cutar da mata da yawa. Daga baya bayanan dubban matan da aka yi wa allurar ba su nuna ƙaruwar ɓari ba.

Jaririn ma yana da rabo. Kariyar da jikinki ya haɗa tana ratsa mabiyiya ta isa gare shi, musamman a watanni ukun ƙarshe, shi kuwa ba a yi masa allurar mura sai ya kai wata 6.

Sai dai ba kowane rigakafi ba ne. Mai ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kamar na ƙyanda, na ƙarambau, da na mura da ake fesawa a hanci, ba a ba mai ciki. Saboda haka ki faɗa wa ma'aikaciyar kina da ciki tun kafin ta zare allura, ki nuna mata katin awonki.

Kada ki ce sai kin haihu, domin kariyar kan ɗauki kamar mako 2 kafin ta kankama. Ciwon damtse da kasala na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Idan zazzaɓi ya taso ki sha farasitamol, ki guji ibuprofen, musamman bayan mako 20. In kuwa kika ga jini, ko numfashi ya yi wuya, ko motsin jariri ya ragu, ki tafi asibiti nan take.