Yaya kwamfuta take sanin maganin da zai yi aiki?

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina karanta kimiyyar haɗa magunguna. Malaminmu ya ce yanzu da kwamfuta ake gwada magani kafin a shiga lab, wallahi ban gane ba, ta yaya?

Amsa: 'Yar'uwa, yawancin magunguna ƙananan ƙwayoyin sinadari ne masu neman wani furotin a jiki su maƙale masa, shi kuma furotin yana da wani ɗan lungu, idan ƙwayar ta shige ta zauna daram sai ta hana shi aiki ko ta tada shi. Masanin sinadarai Emil Fischer a 1894 ya kwatanta abin da makulli da kwaɗo, amma a 1958 wani masanin, Daniel Koshland, ya kawo cewa lungun ma yakan lanƙwasa ya rungumi abin da ya shigo, ni a ganina nan ne abin ya fi daɗi kuma ya fi wuya.

To kwamfuta sai a ba ta siffar furotin ɗin, manhaja irin AutoDock ta riƙa jujjuya ƙwayar a lungun tana lissafa inda cajin lantarki na ƙwayar da na furotin suka ja juna, inda sinadarin haidirojin ya ƙulla su, inda aka kori ruwa, ta ba kowane zama maki. Haka za a tace dubban sinadarai a ware 'yan kaɗan.

Amma don Allah kar ki ɗauki makin nan tamkar hujja, hasashe ne, ruwa da motsin furotin suna yawan rikita lissafin, dole wanda aka zaɓa a kai shi lab a gwada.