Na sa kuɗin katin Navigo a muƙala, an cire: ina kuskurena?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ngaundere, gidanmu kuma a Garwa yake. Na fara rubutu a Wikipedia ta Hausa, na ɗauko muƙalar katin Navigo, wanda ake shiga jirgin ƙasa da bas da shi a Paris, ina mayar da ita Hausa daga Faransanci. Yayana can yake zaune, shi ya faɗa mini abin da yake biya duk wata, na rubuta. Bayan kwana biyu wani edita ya cire, ya ce babu madogara. To ai gani ya kori ji. Wa ya fi mai katin a aljihu sanin kuɗinsa? Yaya zan gyara ta ta zauna? Wani abokina ma cewa ya yi ɓata lokaci nake, tunda mu nan mashin muke hawa mu biya hannu da hannu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa wannan himma taka albarka. Yayanka gaskiya ya faɗa maka, editan da ya cire ma daidai ya yi, kuma babu karo tsakanin biyun.

Gani ya kori ji, amma ga wanda ya gani. Mai karanta muƙalarka a Kusseri ko Njamena ko Damagaram bai san yayanka ba, ba shi da hanyar tambayarsa, bai ma san ko kai wane ne ba. A wurinsa maganar ta koma "an ce". Mu da muka taso muna jin malamai suna tambayar isnadi kafin su karɓi ruwaya, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, ko da yake darajar abubuwan biyu ba ɗaya ba ce. Ƙa'idar Wikipedia ke nan: duk abin da ka rubuta, ka nuna inda aka wallafa shi, yadda wani zai bi sawu ya gani da kansa. Abin da ka sani ta bakin ɗan'uwa yana da amfani babba, domin shi zai nuna maka abin da za ka je ka nema. Shi kansa dai ba ya shiga muƙala.

Akwai dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi a irin wannan batu. Kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya. A watan Satumba 2015, lokacin da aka haɗe shiyyoyin yankin Paris, waɗanda a da farashi ke bambanta tsakaninsu, a farashi guda, kuɗin wata na Navigo Yuro 70 ne. A Agusta 2017 ya kai 75.20, ya tsaya nan har ƙarshen 2022. A Janairu 2023 ya hau zuwa 84.10, a 2024 ya zama 86.40, a 2025 kuma 88.80. Da ka rubuta "ana biyan kaza a wata" ka tafi, to ranar da aka yi ƙari jimlarka ta zama ƙarya ba tare da ka yi ƙarya ba, kuma tana iya shekara uku a haka ba wanda ya lura, domin masu gyara a Hausa ba su da yawa. Saboda haka kowane adadi ka ɗaura masa kwanan wata: "A Janairu 2025, kuɗin wata na duk shiyyoyi ya zama Yuro 88.80." Wannan jimla ko bayan shekara goma gaskiya ce. Ka guji "yanzu" da "kwanan nan" da "a halin da ake ciki". Idan kana so mai karatu na gida ya ji nauyin kuɗin, kana da sauƙin da ɗan Najeriya ba shi da shi: Yuro ɗaya sefa 655.957 ne a ƙayyade, don haka Yuro 88.80 ya kama kusan sefa 58,250. Irin wannan lissafi mai sauƙi an yarda da shi.

Amma kada kuɗi ya cinye maka muƙalar. Abin da na fi so ka zauna a kansa shi ne bambanci tsakanin katin da abin da aka zuba a cikinsa, domin nan ne masu fassara suka fi tuntuɓe. Ka ɗauki layin wayarka. Sim daban, kuɗin kira ko na intanet da ka saya daban; sim yana nan ko da abin da ke ciki ya ƙare. Haka Navigo yake. Katin mazubi ne, abin da ake lodawa a ciki kuwa iri-iri ne: na mako, na wata, na shekara, ko tikiti ɗai-ɗai. Kowanne da sharaɗinsa, kuma sharaɗin nan shi ne abin da mai karatu ba zai iya zato da kansa ba. Na mako daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, ba kwana bakwai daga ranar da ka saya ba. Wanda ya sauka Paris ranar Alhamis ya saya, kwana huɗu zai ci. Na wata ma daga ɗaya ga wata ne zuwa ƙarshensa. Idan muƙalarka ta fayyace wannan kaɗai, ta yi wa ɗalibin da zai tafi karatu aiki.

Su kansu katunan ba iri ɗaya ba ne. An fara Navigo a 2001, ya zo ya gaji Carte Orange, tikitin wata da mutanen Paris suka saba da shi tun 1975. Akwai wanda ke ɗauke da suna da hoton mai shi. A 2007 aka fito da Navigo Découverte, wanda ba a ajiye sunan mai shi a rumbun bayanai, bayan hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa, CNIL, ta matsa cewa mutum yana da haƙƙin yin tafiya ba tare da ana bin sawunsa ba. A 2019 kuma aka kawo Navigo Easy domin masu shiga jefi-jefi da baƙi. Wannan magana ta sirri ka ba ta sashe nata. Katin da ake taɓawa a kowace tasha yana barin sawu, kuma tambayar wa ke riƙe da wannan sawu za ta taso a duk garin da aka kawo irinsa.

Yadda yake aiki kuwa, jimla uku sun isa. A cikin robar akwai ɗan ƙwayar lantarki da siririyar waya da aka naɗe a gefen katin. Ba shi da batir. Idan ka kusantar da shi ga na'urar ƙofa, 'yan santimita kaɗan, daga ita yake samun wutar da zai yi magana da ita. Tsarin da Navigo ke bi sunansa Calypso. Kana iya ƙara layi ɗaya ka nuna cewa yana da 'yan'uwa: Octopus na Hong Kong tun 1997, Oyster na Landan tun 2003, Cowry na Legas tun 2020.

Sai madogara. Hukumar da ke yanke farashi ita ce Île-de-France Mobilités, wadda kafin 2017 ake kira STIF. RATP da SNCF su ne manyan masu tafiyar da jiragen. Kada ka cakuɗa su. A kan farashi da sharuɗɗa, abin da hukumar ta wallafa ya isa hujja. A kan ko tsarin ya yi kyau, ko ƙarin kuɗi ya yi wa talaka nauyi, ba a tambayar mai kaya; nan jarida za ka nema, irin Le Monde ko Le Parisien ko rahoton RFI, ka kuma faɗi wanda ya yi maganar. Kalmomi irin "mai sauƙi" da "na zamani" da "mafi inganci" na talla ne, ka zubar da su. Muƙalar Faransanci da ka fassara ita kanta ba madogara ba ce. Ka sauka ƙasanta, ka buɗe manazartarta ɗaya bayan ɗaya, wanda ka karanta ka ga ya faɗi abin, shi za ka ɗauko. Kuma ka rubuta a gurbin taƙaita gyara cewa daga Faransanci ka fassara, domin lasisin Wikipedia ya wajabta ambaton waɗanda suka fara rubutawa.

Ina roƙonka ka kula da Hausar. Abin da Faransawa ke kira titre de transport tikiti ne, ba "taken sufuri" ba. Valider shi ne taɓa kati a na'ura, recharger kuma loda kati ko zuba masa kuɗi. Sunan Navigo ka bar shi yadda yake. Idan ka gama sakin layi, ka karanta wa wani a gida wanda bai yi Faransanci ba. Inda ya ce "me?", nan akwai aiki.

Game da abin da aka cire, kada ka mayar da shi haka nan, domin mayarwa da cirewa ba ya ƙarewa da alheri. Ka samo madogara, ka sa da kwanan wata, ka je shafin tattaunawa na muƙalar ka gaya wa editan cikin ladabi cewa ka gyara. Hoto kuma kada ka ɗauko daga Facebook ko shafin hukumar; ka duba Wikimedia Commons, inda hotunan da aka ba da izinin amfani da su suke.

Abokinka kuwa ban yarda da shi ba. Wanda ya taɓa bin layin tikitin jirgin Ngaundere zuwa Yawunde, ko ya yi cacar baki da ɗan mashin a kan canjin sefa ɗari, ya san matsalar da aka ƙirƙiro wannan kati domin ta. Legas ta riga ta shiga, Kigali ma tana da nata mai suna Tap&Go. Ranar da maganar ta iso garuruwanmu, gara a ce akwai bayani da Hausa wanda ɗan kasuwar Marwa zai karanta ya san abin da ake shirin kawo masa, da tambayoyin da ya kamata ya yi.

Ka fara da jimlar farko, domin ita aka fi karantawa. Ga yadda zan sa ta: "Navigo kati ne na lantarki da ake loda tikiti a cikinsa domin shiga jirgin ƙasa da bas da taram (ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titin cikin gari) a Paris da kewayenta, a ƙasar Faransa, an fara amfani da shi a 2001." Ka liƙa mata madogara a ƙarshe, sannan ka wuce zuwa sashen tarihi.