Filin Anti: Na kai atamfa, an aiko min da cincin a leda

Assalamu alaikum Anti, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a rai tun ƙaramar Sallah. Duk shekara nakan yi wa faccalata kayan Sallah ita da yaranta, bana har Kantin Kwari na shiga da kaina na sayo mata turmin atamfa mai kyau, yaranta kowa da yadin shadda, kuma wallahi kuɗin adashina na ɗauka na yi. Ranar Sallah sai ga 'yarta da cincin a leda da sabulu biyu wai in ji Mama. Layyar bara ma cinya guda na aika mata, ita ko kayan ciki ta aiko min. Ga kuma surukata, yaran faccalata ta ba su goron Sallah dubu-dubu, nawa ɗari biyar-biyar a gaban idonsu, har ƙaramin yake tambayata wai Hajiya ba ta son su ne. Maigida ya ce in share. In daina ba ta ne kawai?
Maman yara, Kano

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na ji zafin da kike ji, duk wadda ta kwashe adashinta ta yi wa mutum alheri dole ranta ya sosu in ta ga kamar ba a san ta yi ba.

Amma ina ganin kin haɗa kyautar Sallah da biki. Biki kowa ya san bashi ne, kin kai wa mace gudummawa ranar sunanta, ranar naki ta ninka miki, wasu har a littafi suke rubutawa. Kayan Sallah ba haka suke ba, ba ita ta ce ki sayo atamfa ba, ke kika ga dama. Kuma kin san halin da gidanta ke ciki kuwa? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 gidaje da yawa da kike gani da rufin asiri da ƙyar ake ɗora tukunya sau biyu, fulawa da mai da sukarin da ta zuba a cincin ɗin nan wataƙila iya ƙarfinta ke nan, kuma mai yiwuwa kunya ce ta sa ta turo yarinya ba ta zo da kanta ba. Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi mata musamman, kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne, ya kuma ce mai sada zumunci ba shi ne mai rama abin da aka yi masa ba.

To ko da tana da shi rowa ce kawai, kar ki yanke, ki rage. Baɗi ki yi abin da ba za ki tsaya jiran sakayyarsa ba, hula ko ɗankunne ga yara da kwanon tuwon Sallah ya wadatar. Adashinki kuma ki bar shi a kan naki yaran, kyautar da ta fi ƙarfin mai karɓa ma nauyi take ɗora masa.

Maganar Hajiya kam daban ce, a nan ban goyi bayan maigidanki ba sam. Yaro ba ya manta irin wannan, jikoki ne duka, in za a bambanta su a gaban juna ƙiyayya ake shuka musu tun suna ƙanana. Amma ke kar ki buɗe baki, suruka ba ta gyara wa uwar miji zama. Shi ɗanta ne, ya same ta su biyu cikin ladabi ya faɗa mata abin da yaron ya tambaya, ko kuma kafin Babbar Sallah ya kai mata sabbin kuɗi ya ce Hajiya ga wannan a raba wa jikoki daidai.