Baffa, ranch ɗin nan ita ce ruga?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kullum a rediyo kana jin ana cewa a kai shanu ranch, shi ne kake tambaya ko ruga ce ake kira haka da Turanci. Na yi murmushi, amma hankalina bai kwanta ba. Jikan manomi, wanda ya tashi da fura da kindirmo, yau ruga sai ya tambaya?

Kalmar ranch daga Amurka ta zo, su ma wurin mutanen Meziko suka aro ta. Makeken fili ne na mutum ɗaya ko na kamfani, an kewaye shi da waya, ciyawa da ruwa duk suna ciki, shanu ba sa fita ko'ina sai ranar sayarwa. A ƙasar nan ma an yi irinsa, kamar na kan tsaunin Obudu da aka kafa a 1951. Ita ruga kuwa tashi take yi, duk inda ciyawa ta kira.

Ina yaro, wata shekara bayan an kwashe dawa, wani Arɗo ya sauka a bayan garinmu. Kakanka bai jira ba. Ya ɗauki goro da damin gero, ya je har bukkarsa ya roƙe shi ya zauna a gonarmu ta gabas, wadda ta mutu, ba abin da take fitarwa sai ƙuduji. Ka ji fa, manomi ne ke roƙo! Shanu suka yi ta cin kara suna zuba taki, bayan 'yan kwanaki a matsar da garken gaba, har aka zagaye gonar kaf. Da sassafe nake kai saƙon tuwo, in tarar ana tatsa, maruƙa ɗaure a jere suna kuka, uwargidan Arɗo ta cika mini ƙoƙo da madara mai ɗumi. Da kaka ta zagayo, dawar gonar nan sai da muka nemi aron rumbu. Kakanka yakan ce, wanda ya kori saniya da rani zai nemi kashinta da damina.

Burtali kuma ba mai taɓa shi. Gwamnatin Jihar Arewa har doka ta yi a 1965 don ware wuraren kiwo. Ku kuka taso an nome burtalin, takin zamani ya sa an daina roƙon kowa, wasu masu shanun ma sun sakar wa ƙananan yara garke, suna afka wa gona tun kafin girbi. Jihar Binuwai ta hana kiwon yawo a 2017, to daga nan ne kalmar ranch ta cika bakin kowa.

Ba na ƙin killace shanu, ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan. Sai dai ka tambayar mini masu faɗar a rediyo: mai shanu talatin, wa zai saya masa filin, ya haƙa masa rijiyar burtsatse, ya ba shi harawa a watan Maris?